Nomau da Tocilar Baba

A ƙauyen Kwarin Tsamiya, inda kusan kowa manomin albasa ne, akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Ya haura shekara arba'in, ga ƙarfi, ga gaskiya, ga zuciya fes. Matsalarsa guda ce tak: abin da ka ce masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Matarsa Tasalla ta fi kowa sanin haka. Tun ranar da ta aike shi sayo gishiri ta manta ba ta ce ya dawo ba, aka tsince shi da la'asar zaune a rumfar mai gishiri da ƙullinsa a hannu, ba ta ƙara aikensa ba sai ta rufe da cewa, “Ka kuma dawo gida.”

Gida ɗaya suke da mahaifiyarsa, Inna Ladiyo, da ƙaninsa Jatau. Da yake Nomau ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunansa saboda alkunya. Ko yana zaune a gabanta sai ta ce, “A gaya wa wancan.” Shi kuwa Jatau mai hoto ne. Yana da shago a bakin tasha, da kyamara, da kwamfutar tafi-da-gidanka ta gwanjo wadda yake ji da ita fiye da abincinsa. Nomau ne ke share masa shago yana ɗaukar masa kaya.

Mahaifinsu, Malam Cindo, bara ya rasu. Duk rayuwarsa bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Cewa yake, “Mai son ganina ya zo gona.” Layinsa na ban ruwa a fadama bayan isha yake zagayowa, don haka kullum yana fita da tocila ɗaure a goshi da robar tayar keke. Sau ɗaya Jatau ya laɓe a bayan rumbu ya ɗauke shi yana shigowa gida. Daidai lokacin Baba ya juyo, tocilar ta haska kyamara. Hoton ya fito da riga, da fartanya a kafaɗa, da gemu, amma daga goshi zuwa hanci sai wani farin dunƙulen haske mai kashe ido. Hoton Baba ke nan a duniya, babu na biyu.

To, ga shi yanar ido ta fara rufe ganin Inna. Wata safiya ta ce, “Jatau, kafin idon nan ya gama tafiya, ina so in ƙara ganin Malam ko sau ɗaya.” Jatau ya bugi ƙirji ya ce akwai manhaja a kwamfutarsa mai cire irin wannan haske daga hotunan dare. Ya yi alkawarin ranar sadakar shekara zai kawo mata hoton babba, a cikin gilashi, da fuskar Baba sarai. Saura mako uku. Nomau yana gefe yana ji, ya ƙudurta a ransa zai taimaka. Daga nan wahalar Jatau ta soma.

Wata rana Jatau yana gwada hannunsa a kan hotunan wani taron suna da aka yi a ƙofar gidan mai unguwa bayan magariba. Ya yi tsaki ya nuna allon kwamfuta.

“Yaya, ka ga ƙwan lantarkin nan na ƙofar mai unguwa? Shi ya ɓata mini hoto. Dole a cire shi.”

Nomau ya jingine tsintsiya, ya ari tsani wurin mai walda, ya nufi gidan mai unguwa. Dattawa na zaune a kan tabarma ana sulhun rikicin iyakar gona. Ya yi sallama, ya kafa tsani a tsakiyarsu, ya hau ya kwance ƙwan ya sa a aljihu, ya sauko ya ce a tashi lafiya. Da ya dawo shago ya ajiye ƙwan a gaban Jatau, ya leƙa allo, sai ya ɓata rai.

“Ikon Allah! Na cire shi, ga shi nan a hannunmu, amma na cikin hoton ya ƙi fita.”

Bai rufe baki ba sai ga mai unguwa da kansa, da masu rikicin gona a bayansa, sun manta da rikicinsu sun haɗa kai sun biyo sawun ƙwai. Jatau ya yi ta ba da haƙuri har ya gaji. Da suka tafi ya ce, “Yaya, ba a waje ake cirewa ba. Hasken yana cikin kwamfuta. A cikinta ake cire shi.” Nomau ya gyaɗa kai ya ce yanzu ya gane.

Wata rana Jatau ya tafi masallaci sallar azahar ya bar kwamfutar a buɗe, da hoton Baba a kan allo. Nomau ya tsaya yana kallon hoton, tausayin Inna ya kama shi. Ya tuna an ce a cikinta ake cirewa. Ya aro sukundireba wurin bakanike, ya kifa kwamfutar a kan benci, ya kwance ƙusoshin bayanta ɗaya bayan ɗaya ya jera su a kan faifai. Ya duba ciki bai ga haske ba, amma ya ga wani baƙin abu mai faɗi da ɗumi. Ya ce lalle nan yake ɓuya. Ya zare shi. Da ya juyo da kwamfutar, allo ya yi baƙi ƙirin.

Jatau na shigowa Nomau ya tare shi da murna. “Albishirinka! Na cire hasken gaba ɗaya. Ko ɗigo bai rage ba.”

Jatau ya ga batir a hannun yayansa, ya ga cikin kwamfutarsa a waje, sai ya zauna daɓas a ƙasa. Ba kwamfutar ce ta fi tayar masa da hankali ba. Hoton Baba a cikinta kaɗai yake, don wayar da aka ɗauke shi da ita tuni ta faɗa rijiya. Ya mayar da batir, ya ɗaure ƙusoshi, ya yi bisimilla ya kunna. Can sai ga Baba ya dawo da fartanyarsa da tocilarsa.

“Ayya,” in ji Nomau, “hasken ya dawo. Aikina ya tashi a banza.”

Jatau ya haɗiye fushinsa, don dai yaya yaya ne, ba ya zaguwa. Daga baya ya ce, “Yaya, don girman Allah, kada ka ƙara taɓa bayan kwamfutar nan. Zan samo maka aikin waje.”

Wata rana Hajiya Yalwa mai sayar da manja ta dawo daga aikin Hajji, aka shirya mata walima bayan magariba, aka kira Jatau ɗaukar hoto. An kafa wata babbar fitila mai janareta a tsakar gida, tana dukan idon kyamara. Jatau ya miƙa wa Nomau faifai.

“Yaya, tsaya nan, ka ɗaga faifan ka tare hasken fitilar can. Kada ka motsa sai na ce.”

Wannan karon aiki ya yi kyau. Nomau ya tsaya ƙyam kamar turke. Aka ci shinkafa, aka raba dabino da zamzam, aka yi addu'a aka watse. Jatau ya tattara kayansa ya tafi gida ya kwanta, ya manta da yayansa sarai. Aka kashe janareta, fitila ta mutu, Nomau na nan da faifai a sama. Tasalla ta zo ta yi lallashi, ta yi faɗa, ya ce ai ba ita ta tsayar da shi ba. Dole ta je ta buga wa Jatau ƙofa, ya fito da barci a idonsa ya zo ya ce, “Motsa.” Nomau ya motsa taku ɗaya ya sake tsayawa. Sai da Tasalla ta karɓi ragamar magana ta ce wa Jatau, “Ce masa ya sauke hannu, ya tafi gida, ya shiga ɗaki, ya kwanta.” Kwana biyu hannun Nomau bai iya kai loma baki ba.

Kunya ta kama Jatau a kan wannan, don ya san laifinsa ne. Shi ya sa da hannun ya warke ya ce bari ya koya wa yayansa aikin na gaske. Ya zaunar da shi gaban kwamfuta, ya ɗora hannunsa a kan linzamin kwamfutar, ya buɗe hotunan walimar Hajiya.

“Ka ga wannan ɗan da'irar da ke yawo? Shi ne magogi. Duk inda ka ga abu yana ƙyalli yana ɗaukar ido, ka kai shi wurin ka goga a hankali har ƙyallin ya kwanta. Shi ke nan.”

Nomau ya gwada a kan gilashin wata taga da ke cikin hoton, ƙyalli ya kwanta. Ya yi dariya har da tafi. Jatau ya ga hannun yayansa na da natsuwa, ya bar shi ya fita sayen takardar hoto.

Wata rana, wato kwana biyu bayan nan, Hajiya Yalwa ta zo ganin hotunanta kafin a wanke, da ƙawayenta biyu. Jatau ya buɗe da fara'a, bai duba aikin ba tukuna. Nomau kuwa ya yi aiki tsakaninsa da Allah. Ya goge fitila. Ya goge wata a sama. Ya goge ƙyallin tire da na kofuna, da sanƙon mijin Hajiya. Duk wannan da sauƙi. Hajiya ta matso da fuska kusa da allo, ta ga kanta tana murmushi, sai ta dafe ƙirji.

“Jatau! Ina haƙorina?”

Haƙorin Makka ne, na zinariya, wanda ta sa a can don kowa ya san ta je. Saboda shi ta yi ta washe baki a walima har kumatunta suka yi ciwo. A hotuna talatin babu shi ko a ɗaya, sai wani baƙin giɓi.

“Shi ya fi komai ƙyalli, Hajiya,” in ji Nomau cikin ladabi. “Ya ba ni wahala ƙwarai.”

Ƙawayen Hajiya suka juya baya kafaɗunsu na rawa. Hajiya ta ce shekara tara tana sayar da manja kafin ta samu kujerar nan, ba za a mayar da ita mai wawulo a rana ɗaya ba. Jatau ya yi maza ya kai linzami kan wata 'yar kibiya mai lanƙwasa a saman allo, ya yi ta dannawa. Wata ya dawo, sanƙo ya dawo, haƙori ya dawo yana walƙiya. Hajiya ta sauke ajiyar zuciya ta ce a wanke mata wannan a haka, kada a rage masa komai.

Da suka fita Jatau ya riƙe hannun yayansa ya yi masa magana dalla-dalla, irin yadda Tasalla ke yi.

“Yaya, ka ji wannan ka riƙe. Abin mutum nasa ne, ba a raba shi da shi a hoto. In ka ga an raba wani da abinsa, ga kibiyar nan. Ka yi ta dannawa har abinsa ya dawo.”

Nomau ya maimaita sau uku, ya adana a ransa.

Saura kwana biyar sadaka, Jatau ya rufe shago ya tasa hoton Baba a gaba. Nan ya gane abin da bai gaya wa kowa ba. Manhaja tana iya kwantar da ƙyalli in akwai abu a ƙarƙashinsa, amma tocilar Baba ta cinye wurin gaba ɗaya. Da ya rage hasken sai ya tarar da toka-toka, babu ido babu gira. Ya rasa yadda zai yi da alkawarin da ya ɗauka. Ƙarshe ya ɗauko hoton Baffa Tanko, ƙanin Baba, ya yanko idanunsa da goshinsa ya liƙa, ya daidaita launi, ya rage hasken rigar don dare ya yi kama da dare. Kwana huɗu yana wannan aiki ko kashe kwamfutar bai yi ba. Hoton ya fito sumul: wani dattijo mai kwarjini a cikin duhu, ba tocila, ba roba. Jatau ya ce wa kansa ai jini ɗaya ne.

Wata rana, jajiberin sadaka, aiki ya yi wa Jatau yawa. Ga rago za a yanka, ga rumfa za a kafa, ga baƙi na sauka. Babban hoto kuwa sai a birni ake wanke shi, wurin Iliya mai injin. Babu wanda zai aika sai Nomau. Ya tsara masa magana kamar mai karanta wasiyya.

“Yaya, ka riƙe kwamfutar nan da hannu biyu. Ka shiga mota. Ka sauka a shagon Iliya. Ka buɗe murfin, hoton yana kan allo. Ka ce ya wanke abin da ke kan allo, babba, ya sa a gilashi. Kada ka taɓa bayanta. Ka kuma dawo gida.”

Nomau ya yi duk wannan daidai. A shagon Iliya ya tarar da layi, ya zauna a benci ya buɗe murfin. Ya dubi hoton, ya ƙara duba. Ga rigar Baba, ga fartanyar Baba, ga gemun Baba. Ina tocila? Shi tun da ya yi wayo bai taɓa ganin Baba ya shigo daga fadama ba tocila a goshi ba. Zuciyarsa ta yi zafi. An raba Baba da abinsa, kuma Baba ba ya nan balle ya yi magana kamar Hajiya. Ya kai linzami kan kibiya ya fara dannawa. Idanun Baffa Tanko suka tafi. Goshin ya tafi. Toka-toka ta zo ta wuce. Ya yi ta dannawa, aikin kwana huɗu na warwarewa, har farin haske ya dawo ya zauna a mazauninsa.

Iliya ya duba ya ce, “Malam Nomau, ka tabbata? Fuskar ma ba a gani.”

“Abin da ke kan allo aka ce.”

Iliya ya ɗaga kafaɗa ya wanke, ya sa a gilashi, ya naɗe da takardar siminti ya ɗaure da igiya.

Da safe bayan malamai sun yi addu'a an raba waina, iyali suka taru a ɗakin Inna. Jatau ya kwance igiya da kansa, yana murmushin wanda ya cika alkawari. Takarda na faɗuwa murmushin ya ɗauke. Ya dubi hoton, ya dubi yayansa.

“Yaya, me ka yi?”

“An raba shi da abinsa. Na danna har ya dawo.”

Jatau ya ji kamar ya yi kuka. Ya jingine hoton a bango, ya jawo kwamfuta da sauri, ya danna ɗaya kibiyar mai mayar da aiki gaba, har dattijon nan mai kwarjini ya dawo. Ya durƙusa ya kai allon gaban Inna.

“Inna, ga shi nan. Wancan kuskure ne, gobe zan wanko wannan.”

Inna ta karɓa ta kai kusa da fuskarta. Ta matsar da shi nesa, ta dawo da shi, ta murza ido. Muryarta ta yi ƙasa.

“Duhu nake gani, Jatau. Ashe na makara.”

Tasalla ta fara share hawaye da bakin mayafi. Inna ta miƙa kwamfutar, ta juya kai don kada a ga fuskarta, sai idonta ya faɗa kan bango. Ta tsaya cak.

“Wa ya kunna tocilar Malam?”

Ta miƙa hannu, Nomau ya ɗauko hoton ya riƙe mata. A duk faɗin gilashin nan, farin dunƙulen shi kaɗai idonta ke iya kamawa, kuma ta kama shi sarai. Ta ɗora yatsa a kai, sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

“Shi ne! Wallahi shi ne. Shekara arba'in da biyar haka yake shigo mini. Ya tsaya a bakin ƙofa yana ba ni labarin albasa, abin nan yana dukan idona. In ce, Malam, kashe fitilar nan za ka makantar da ni. Ya ce to, ya ci gaba da labarinsa. Ni yaushe na taɓa ganin fuskarsa in ya dawo daga fadama?”

Jatau ya rufe kwamfutarsa a hankali ya tura ta ƙarƙashin gado.

Inna ta share ido ta ce, “Jatau, ka gaya wa wancan, Allah ya yi masa albarka.”

Nomau, wanda gwiwarsa ke taɓa tabarmar Inna, ya juya ya zuba wa Jatau ido yana jira. Sai da Jatau ya ce, “Yaya, Inna ta ce Allah ya yi maka albarka,” sannan ya ce amin, ya sunkuyar da kai yana murna.

“A kuma gaya masa,” in ji Inna, “ya rataye mini shi inda na saba ganinsa.”

Jatau ya isar da saƙo, ya fita sallamar baƙi. Da ya dawo bayan azahar goshinsa ya yi karo da katako, ƙum! Nomau ya buga ƙusa ya rataye hoton a tsakiyar ƙofar ɗakin, yana fuskantar gadon Inna, daidai tsayin goshin Baba. Jatau ya dafe ƙulu ya buɗe baki zai yi magana, Inna ta riga shi daga ciki.

“Kada wanda ya taɓa shi.”

Yana nan har yau. Duk mai shiga ɗakin Inna Ladiyo, ko mai unguwa ne, sai ya sunkuya. In rana ta yi yamma haske ya shigo ta taga ya bugi gilashin, mutanen gida sukan ji ta daga ciki tana cewa, “Malam, kashe fitilar nan.” Kuma ba a taɓa kashewa ba, don Tasalla ta riga ta ja kunnen Nomau cewa ba da shi ake ba.